Didimus, makahon Iskandariyya da aka yi wa laƙabi da Mai Gani

Duk wanda ke zaman kasuwa ya san ido jari ne. Da shi ake bambance atamfa ta gaske da ta jabu, da shi Hajiya ke kimanta tiyar hatsi tun ba a auna ba, abin da ya sa aka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da shi kuma muke auna mutane. Wanda ya shigo rumfa da babbar riga ta shadda, sai mu miƙe mu kakkaɓe masa kujera. Wanda ya tsaya da sanda da ɗan jagora kuwa, tun bai buɗe baki ba mun riga mun ce a yi haƙuri.

Mutumin da za mu ba da tarihinsa yau, da a ƙofar rumfarmu ya tsaya, abin da za mu ce masa ke nan. Sunansa Didimus, Kirista ne ɗan ƙasar Masar, ya rasu fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Makaho ne tun yana yaro, amma sai da manyan malamai suka taso daga Italiya da Falasɗinu suka zo suka zauna gabansa ɗaukar karatu, har ɗayansu ya laƙaba masa suna Mai Gani.

An haife shi wajen shekarar 313 a Iskandariyya, babban birnin da ke bakin tekun Bahar Rum. A wancan zamani Masar tana ƙarƙashin mulkin Rumawa, Iskandariyya kuwa ita ce uwar kasuwarta. Daga nan jiragen ruwa ke lodin alkamar da ake ciyar da birnin Rum, ana kuma fitar da takarda da kayan gilashi da yadin lilin. A bakin tashar jiragen akwai wata hasumiya mai tsawon fiye da mita 100, ana hura wuta a samanta da dare don matuƙa su ga hanya. Kiristocin garin ba su daɗe da fita daga wahala ba. A 311 aka sare kan shugabansu, Bishop Bitrus, sai a 313 sarakunan Rum suka ba da dokar a bar kowa ya yi addininsa.

Yana ɗan shekara 4 ya rasa idanunsa, tun bai fara koyon baƙi ba. Shi da bakinsa ya gaya wa wani baƙonsa mai suna Palladiyus haka. A lokacin babu makarantar makafi, babu rubutunsu. Rubutun ɗigo-ɗigon nan da makafi ke shafawa yau, wani yaro Bafaranshe ne, Luwi Baray, ya ƙago shi wajen 1824, wato bayan shekara 1,500. Didimus dai an sassaƙa masa haruffa a jikin allon katako, yana bin su da yatsa har ya san siffar kowanne. Sauran karatu duk da kunne ya ɗauke shi. Ya koyi nahawun Girkanci da fasahar magana da mantiƙi da lissafi, har da ilimin awon fili, wanda masu ido ma sai sun zana a ƙasa suke ganewa.

Ɗalibinsa Rufinus ya ba da labarin yadda yake yi. Da rana a karanta masa, yana saurare. In dare ya yi, masu karanta masa barci ya kwashe su, shi ba ya kwanciya. Sai ya zauna yana maido da abin da ya ji, daki-daki, kamar saniya tana tuƙa, har ya zauna masa a kai kamar an rubuta. Ta haka ya haddace Littafi Mai Tsarki, Tsohon Alkawari da Sabo. Wannan ba zai ba mu mamaki ƙwarai ba, mu da muka san alarammomi makafi waɗanda ke gyara wa mai ido karatu yana riƙe da takarda a hannu. An ce gani ya kori ji, amma a ɗakin Didimus ji ne ya yi aikin duka. Rufinus ya ƙara da cewa addu'ar da ya fi yi tun yana saurayi ba ta a maido masa da ido ba ce, ta a haskaka masa zuciya ce.

Kada dai wani ya zaci abin bai dame shi ba. Akwai labarin da ya fi kowane shahara a rayuwarsa, kuma a ganina shi ya fi nuna ko wane ne shi. A zamanin Kiristoci sun rabu biyu kan koyarwar wani limamin coci mai suna Ariyus, wanda ya ce Almasihu halitta ne, ba daidai yake da Allah ba. Taron da aka yi a Nikiya a 325 ya ƙi wannan magana, amma rigimar ba ta kwanta ba, har sau biyar ana korar Bishop Atanasiyus na Iskandariyya daga kujerarsa. Didimus yana bayan Atanasiyus. Wajen 338 wani tsoho mai gudun duniya, Antoniyos, ya sauko daga hamada ya shigo gari don ya mara wa wannan ɓangare baya. Duk Masar ta san shi, mutane na turereniya su gan shi. Suka haɗu da Didimus, wanda bai wuce shekara 25 ba, suka yi hira kan littattafai, tsohon ya yi mamakin kaifin kansa. Sai ya tambaye shi ko yana baƙin cikin rashin idonsa. Didimus ya yi shiru don kunya. Ya sake tambaya, shiru. A ta uku ya amsa cewa lalle abin yana yi masa ciwo.

Hausawa na cewa makaho ya rasa ido ya ce ido na wari. Didimus bai ce haka ba. Ga babban waliyyi a gabansa, ga jama'a na kallo, ga damar ya nuna shi ya wuce wannan, amma ya faɗi gaskiya. Antoniyos ya ba shi amsa cewa abin mamaki ne mai hankali ya yi kukan rasa abin da tururuwa da ƙuda da sauro ma suke da shi, maimakon ya yi murna da irin idon da aka ba manzanni da tsarkaka. Kusan shekara 60 bayan haka, malamin nan Jerom ya rubuta wannan labari cikin wasiƙar da ya aika wa wani makaho a ƙasar Panoniya don ya kwantar masa da hankali.

Maganar ido iri biyu ba Antoniyos ya ƙirƙiro ta ba, tsohuwar koyarwa ce a Iskandariyya. Wani malami da ya rayu kafin su, Orijen, wanda ya rasu wajen 253, ya koyar da cewa kowane mutum biyu ne, akwai na waje da muke gani, akwai na ciki, kuma na cikin ma yana da idonsa da kunnensa. Ya kafa hujja da labarin Adamu da Hawwa'u a littafin Farawa, inda aka ce idanunsu sun buɗe bayan sun ci ɗan itacen. To, da can makafi ne? Ai matar ta riga ta dubi itacen ta ga ya yi mata kyau kafin ta tsinka. Orijen ya ce abin da ya faru shi ne idon sha'awar jiki ya buɗe, na ruhu ya rufe. Didimus ya rungumi wannan hanya har ƙarshen ransa. A wurinsa littafin ma kamar mutum ne, yana da zahiri yana da baɗini. Yakan fara da bayanin kalma yadda take, sannan ya shiga tonon abin da ke ƙarƙashinta.

Littafin da ya haddace kuwa cike yake da wannan zance. Akwai labarin Annabi Sama'ila da aka aika Baitalami gidan Yesse ya zaɓi sabon sarki. Sarkin da ke kan gado, Saul, wanda Musulmi suka sani da Ɗaluta, ya fi kowa tsawo a ƙasar, amma ya saɓa wa umurnin Allah. Da babban ɗan Yesse ya fito, dogo kyakkyawa, Sama'ila ya ce a ransa ai an gama. Aka gargaɗe shi kada tsawo da kyan fuska su ruɗe shi, don abin da mutum ke dubawa daban, abin da Allah ke dubawa, wato zuciya, daban. Ƴaƴa bakwai suka wuce ba a zaɓi ko ɗaya ba, sai da aka je daji aka kira autan da ke kiwon tumaki, Dawuda. Abin da masu wa'azi kan manta shi ne, littafin ya ce shi ma Dawudan kyakkyawa ne mai kyan ido. Ashe ba kyan ne laifi ba, dogara da shi ne. Ɗansa Absalom ba a yi mai kyansa ba a ƙasar, in ya yi aski a ƙarshen shekara har auna gashin ake yi, shekel 200, wajen kilo 2. Shi ne ya yi wa ubansa tawaye, kuma a reshen itace kansa ya maƙale aka cim masa aka kashe shi.

A Linjilar Matiyu, Yesu Almasihu, wato Isa ɗan Maryama, ya kamanta ido da fitilar da ke haska jiki, in ta yi kyau ko'ina haske, in ta lalace ko'ina duhu. Ƴan kasuwa su lura da inda wannan magana ta faɗo. Kafin ta ana zancen tara dukiya, bayan ta ana zancen ba a bauta wa Allah da kuɗi tare. Dalili kuwa, a harshen Yahudawa mai kyan ido shi ne mai kyauta, mai mugun ido shi ne marowaci da mai ƙyashi, ba irin kambun baka da muka sani ba. Shi ya sa a wani misalin, mai gona ya fita kasuwa ya ɗauki ƴan ƙodago, wasu tun da sassafe wasu dab da faɗuwar rana, ya biya kowa dinari guda, da na safe suka yi gunaguni ya tambaye su ko alherinsa ne ya ɓata musu ido. Jerom ya shaida cewa Didimus ya yi sharhin Matiyu da na Yohanna, sai dai sun ɓace, guntaye kawai suka rage. Na Yohanna ne ya fi ba ni takaici, don a babi na 9 ne almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya laifin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba ne, daga baya kuma ya juya kan malaman da ke taƙama suna gani ya ce nasu laifin ne ya tabbata. Da ma a ce muna da abin da malami makaho ya faɗi a kan wannan babi.

Rufinus ya ce Atanasiyus ne ya amince masa ya koyar a makarantar coci ta birnin, ya kuwa yi kusan shekara 50 yana koyarwa. Bai taɓa zama limami ko bishop ba, ba shi da rigar muƙami. A ɗan ɗakinsa yake zaune, yana magana, masu saurin rubutu na ɗauka. Rufinus ya taso daga Italiya ya yi shekaru a gabansa. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya zo a 386, furfura ta fara fito masa, ya zauna wajen wata guda yana kawo masa ayoyin da suka shige masa duhu. Shi ne ya kira shi Mai Gani, shi ne kuma ya roƙe shi ya yi sharhin littafin Annabi Zakariya, littafin da ke cike da wahayi, har da dutse mai ido bakwai. Didimus ya shifta masa shi a juzu'i biyar.

Jerom ya ce lafazin Didimus ba mai ado ba ne, amma ilimin cikinsa ba ƙarya. Wani abin dariya ya biyo baya. Bishop Amburos na birnin Milan, mai baki da kwarjini, ya rubuta littafi kan Ruhu Mai Tsarki a 381, ya ɗebi da yawa daga na Didimus. Jerom, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya fassara na Didimus ɗin zuwa Latin don mutane su ga inda aka ɗauko kaya, a gabatarwa kuma ya yi habaici da mummunan hankakan da ya yi ado da gashin wasu tsuntsaye. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya gane. Mu da muka san kayan da ake sake wa kwali a ƙara musu kuɗi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wannan habaici ya yi rana, don asalin littafin na Girkanci ya ɓace, fassarar Jerom ce ta tsira.

Palladiyus, wanda ya ziyarce shi sau huɗu cikin shekara goma, ya kawo wani labari daga bakinsa. A zamanin Sarki Yuliyanus, wanda ya bar addinin Kirista har ya hana malamansu koyar da adabin Girkawa a 362, Didimus ya yini bai ci kome ba don damuwa. Gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan kujera, ya yi mafarkin mahaya fararen dawaki suna shelar sarkin ya mutu, ya tashi ya ci abinci. Ya riƙe ranar da sa'ar, daga baya labari ya zo daidai. Yuliyanus dai ya mutu a watan Yuni na 363 wajen yaƙi da Farisa. Mai karatu ya ɗauki mafarkin yadda ya ga dama. Didimus ya rasu wajen 398 yana da shekara 85, bai bar garinsu ba, ana girmama shi.

Sai bayan ransa abin ya juya. Tun yana da sauran numfashi rigima ta tashi kan koyarwar Orijen, har ta raba Jerom da Rufinus, abokai tun ƙuruciya, suka koma zagin juna a rubuce. Jerom ya fara ja da baya, yana cewa ya yaba wa Didimus kan haddarsa da imaninsa, amma ba ya bin sa a inda ya bi Orijen. Maganganu biyu ne suka fi jawo tsiya. Ɗaya, cewa rayuka sun wanzu tun kafin a shigar da su jiki. Na biyu, cewa a ƙarshen ƙarshe duk halitta mai hankali za ta shiryu ta koma ga Allah. A 553 Sarki Yustiniyanus ya tara bishop-bishop a Konstantinoful, wato Santambul ta yau, aka la'anci koyarwar Orijen, aka haɗa da sunan Didimus da na wani malami Ebagiriyus. Tarukan da suka biyo baya a 680 da 787 suka maimaita.

Ba zan ce ba shi da hannu a waɗannan ra'ayoyi ba, yana da shi. Amma hukuncin bai tsaya kansu ba, ya hau kan kayansa duka. A zamanin da babu injin ɗab'i, littafi ba ya rayuwa sai in wani ya zauna ya kwafe shi da hannu, kuma wa zai ɓata takarda mai tsada kan mutumin da aka yi wa tambari? Magatakarda suka daina kwafa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa a buɗe a duba ciki, aka dubi sunan da ke bayan littattafansa aka jefar. Cocin Kibɗawan Masar, wanda ya riga ya rabu da na Rumawa tun 451, bai shiga wannan hukunci ba. Har yau suna girmama shi, kuma makarantar da suka kafa a Alƙahira a ƙarshen ƙarni na 19 don koya wa makafi waƙoƙin ibada, sunansa suka sa mata.

Kusan shekara 1,400 aka yi ba a san yawancin abin da ya shifta ba. Sai a watan Agusta na 1941, ana tsakiyar yaƙin Hitila, sojojin Ingila suka nemi wurin ɓoye harsasai da bama-bamai. Suka zaɓi kogunan Tura, kudu da Alƙahira kaɗan, inda Fir'aunoni suka fasa farin dutsen da aka lulluɓe dalar Giza da shi. Leburorin da aka sa share wani kogo suka ci karo da tulin tsofaffin takardun fafirus, irin da ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, binne cikin ɓaraguzai. Littattafai takwas ne, wajen shafi 2,000, an kwafe su a ƙarni na 6 zuwa na 7. Kogon yana ƙarƙashin kufan wani tsohon gidan masu gudun duniya, abin da ya sa masana ke ganin daga can aka sauko da su bayan an haramta su, ko don a rabu da su ko don a ɓoye. A ciki akwai rubuce-rubucen Orijen, akwai kuma sharhin Didimus guda biyar: na Farawa, na Ayuba, na Zabura, na Mai Wa'azi, da na Zakariyan nan da Jerom ya roƙa.

Kafin hukuma ta farga, kasuwa ta riga ta. An kwashi wasu takardun an kai wa dillalan kayan tarihi, su kuma suka raba su kashi-kashi, don sayar da ɗai-ɗai ya fi kawo riba.  Masana suka yi shekaru suna bin sawu suna haɗa shafi da shafi. A 1962 wani malami Bafaranshe, Luwi Dutirlo, ya buga sharhin Zakariya a Paris cikin juzu'i uku tare da fassarar Faransanci, na Farawa ya biyo baya a 1976 da 1978, Jamusawa kuma suka buga mafi yawan sauran.

Na Zabura da na Mai Wa'azi sun bambanta da sauran, don ba littafi ba ne da aka zauna aka tsara. Darasi ne da wani mai saurin hannu ya ɗauka yadda ya fito daga baki. Ana ganin inda malamin ya maimaita kansa, da inda ya jawo aya daga can wani littafi ba tare da an buɗe masa ba, da inda ɗalibi ya katse shi da tambaya, ya tsaya ya amsa sannan ya koma kan ayar da ya bari. Mafi yawan takardun suna Alƙahira. Sauran suna warwatse a Kolon ta Jamus, da Janeba, da Landan, da wata jami'a a jihar Yuta ta Amurka.